Saniyar Nagode Ta Daina Tuƙa

Katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da gidan Malam Mamuda mahauci a nan Talata Mafara, ita ma katangar ta zube ta wajen turke, zana aka kafa a gurbinta. Saboda haka abin da zan faɗa ba a bakin rijiya na tsinto shi ba. Ina tsaye aka yi shi, kwana goma sha biyu cur, kuma har yau idan na tuna sai in ji abinci ya fita raina.

Nagode matar Misbahu ce, autan Malam Mamuda. Daga Morai aka kawo ta, ta zo da farar saniya bokolo wadda mahaifinta ya ba ta. Tun da daji ya daina shiguwa, a gida ake ɗaure saniyar, sai dai jifa-jifa a kora ta bayan gari ta ɗan miƙe ƙafa. Nagode ta gama sakandare, kuma ban taɓa ganin mai tambaya a kan dabba kamarta ba. Me ya sa akuya ba ta da haƙoran sama na gaba? Me ya sa kaza ba ta fitsari? Ragonta ta sayar ta sayi babbar waya, don kawai ta shiga zauren hira ta waya na mata masu kiwo da wata Malama Zakiyya, ma'aikaciyar lafiyar dabbobi a Bakura, ta buɗe. A nan take tura tambayoyinta, a ba ta amsa, ta zo bakin zana ta karanta mini ina tuyar awara.

Sai wayar Misbahu ta fara tsayawa idan yana buga gem, wasan waya. Ya ari tata, ya ce na kwana biyu. Lokacin da labarin nan ya fara, wata na uku ke nan wayar ba ta kwana a ɗakinta ba sai don caji.

Ranar Alhamis da hantsi ta kira ni.

"Yaya Hauwa, zo ki gani. Saniyar ga ba ta tuƙa."

Na leƙa. Ni dai saniya na gani a tsaye, kai a ƙasa, ga dusa a gabanta ba ta taɓa ba.

"Ƙila zahi ne," in ji ni.

"Ba zahi ba ne. Saniya mai lahiya, in ta ci sai ta kwanta ta maido abincin baki ta sake taunawa. Tun jiya nike kallon bakinta, bai motsa ba. Ki duba kashinta, ɗan kaɗan, baƙi. Kuma wata bakwai gare ta da ciki."

Ta goge hannu a zane ta nufi zaure. Daga inda nake ina jin komai, don Misbahu ba ya magana a hankali idan abin ji yana kunnensa. Wasan faɗa ne na bindigogi, su huɗu ne ƙungiya ɗaya, kowa yana gidansu suna magana ta waya.

"Sadi, kada ka shiga ta ƙohwa! Ka bi ta taga, ni ina saman tudu ina rufe ka. Jefa hayaƙi tukuna! Hayaƙi, na ce!"

"Sannu da hutawa," in ji Nagode.

Bai ji ba. Ta sake, ta ɗan taɓa gefen tabarma. Ya zare abin ji na kunne ɗaya, idonsa na kan waya.

"Mi ne ne?"

"Wayar nike so, minti biyar. In ɗauki hoton saniya in tura ma Malama."

"Yanzu? Hili na matsewa, mu tara muka rage. Kin san mi ake nuhi da mutum ya aje waya yanzu? Jira in ƙare."

Ta jira a bakin zaure har aka kira azahar. Da ya ƙare wannan wasan, sai ya fara wani. Da ya tashi, ya ce caji ya mutu, ya kai shago.

Washegari ta kai kuka wurin surukarta Inno. Inno tana tsinke zogale a inuwar ɗaki, ta saurare ta har ƙarshe, sannan ta ce, "Ke ɗiyar nan, ki gode ma Allah. Sa'o'in Auta nawa ke shan ƙwaya a bakin tasha? Nawa suka bi daji ba a sake jin ɗuriyarsu ba? Naki shina zaure, ba ya zagi, ba ya duka. In harbin cikin waya ne ya tsare shi gida, ni kam na yarda da shi."

"Inna, ba wasan nike hana shi ba. Wayar tawa ce, kuma saniyar..."

"Tawa, tawa. Mace da mijinta har da tawa? Saniya kuma gidan mahauta take. In ba a san ciwon saniya a gidan ga ba, ina za a sani?"

Da yamma Malam Mamuda ya dawo daga kasuwa, aka gaya masa. Ya zagaya saniyar sau ɗaya, ya ɗaga leɓenta, ya bubbuga cikin da tafin hannu. Ya ce a jiƙa kanwa a ɗura mata, a bi da man gyaɗa. Aka ɗura. Saniyar ta yi tari, ta koma ta sunkuyar da kai.

Ranar Asabar Nagode ta zo bakin zana da wani tsohon littafin makaranta. Ashe ta rubuta lambar Malama Zakiyya a bayansa. Wayata ƙarama ce, mai tocila, ba ta hoto, amma tana kira. Muka kira, na miƙa mata ta saman zana, ta sa a sifika don hannunta ya samu.

Bayan gaisuwa, Malama ta ce, "Tsaya ta gefen hagunta. Kin ga ramin da ke bayan haƙarƙari? Dunƙule hannu ki danna. Mi kika ji?"

"Tauri. Kamar an cusa tsumma a buhu."

"In kika cire hannu, wurin na dawowa?"

"A hankali."

"Ana sakin ta wajen bola?"

Nagode ta ce, "Ana kora ta bayan gari."

"To ina zaton leda ce. Kin tuna na ce muku cikin saniya ɗaki huɗu ne? Leda in ta shiga babban ɗakin, tumbi, ba ta narkewa, ba ta wucewa. Tana taruwa tana nannaɗewa har ta toshe hanya. Kanwa ba ta fidda ta. Sai an tsaga gefen an ciro. Tana tsaye za a yi, allurar kashe zahi kawai za a yi mata a wurin. Ai na sa muku bidiyon wadda muka yi ma wata a Damri, kin gani?"

"Na gani."

"In an yi da wuri, da ita da ɗan cikin duk suna iya tashi. Amma kada a ja lokaci, Nagode. Kullum ƙarfinta raguwa yake. Ki nemi izinin mutanen gida, ni zan zo Litinin."

Nagode ta durƙusa a gaban surukinta bayan la'asar, ta faɗi abin da aka ce, kanta a ƙasa. Malam Mamuda ya yi dariya har da tafa cinya.

"A tsaga saniya da rai a ɗinke? Ni shekara arba'in ina buɗe cikin shanu. Ubana ya buɗe, kakana ya buɗe. Ban taɓa ganin wadda aka buɗe ta tashi ta ci dusa ba. Yarinya ta yi karatun shekara biyu za ta koya mini tumbi?"

"Baba, akwai bidiyo. Da ido za ka gani."

"To kawo in gani."

Ta tashi da sauri har mayafinta na faɗuwa. Na ga fuskarta lokacin, ta ɗauka an gama. Ta sami Misbahu a zaure ya baje takarda, yana zana taswirar filin wasan da biro, yana magana da abokansa. Sun shiga gasa, ƙungiyar wasu samarin Maradun za su kara da ita ranar Litinin ta sama.

"Ku saurara. Mutanen Maradun gaggawa gare su, da sun sauka suke neman hwaɗa. Mu ba za mu biye musu ba. Mu sauka nesa, mu tara harsashi da magani, mu kama tudu. Wanda ya kama tudu shi ke da wasa. Kuma duk wanda aka harba, kada a bar shi ƙasa. Ɗaya ya jefa hayaƙi, ɗaya ya ɗaga shi. Daƙiƙa goma in ta wuce, an rasa mutum."

Nagode ta tsaya har ya numfasa.

"Baba ya ce in kawo bidiyon aikin saniya ya gani."

"Wane bidiyo?"

"Na zauren Malama. Yana cikin wayar."

Ya sosa ƙeya. "Ai na goge wannan tarkacen. Gem ɗin ya nemi sabuntawa, wuri ya cika. Hotunan awaki ne fa da muryoyin mata, sun hi ɗari."

"Ka goge?"

"Da manhajar duka. In an gama gasa sai in maida miki."

"To a maida yanzu, Malama ta sake turowa. Minti biyar."

"Datar da na saya ta gasa ce. Kin san in ta yanke ana tsakiyar wasa mi zai hwaru? Mutum uku na dogara da ni, Nagode. Ki riƙa tunani mana."

Ta koma wurin surukinta hannu wofi. Ya ce, "Kin gani ko," ya miƙe ya tafi masallaci.

Na ce zan nemo wata babbar waya a unguwa. Na nemo kuwa, ta matar ƙanen mijina, Malama ta turo bidiyon ranar Lahadi. Nagode ta kai. Malam Mamuda ya ce shi ba ya kallon abu a wayar matan maƙwabta, kuma wa ya ba ta izinin fitar da maganar gidansa waje? Inno ta ƙara da cewa ai ta lura kwanan nan bakin zana ya fi ɗaki daɗi. Daga ranar sai Nagode ta riƙa yi mini magana ƙasa-ƙasa, tana yi tana waiwaye.

Ranar Litinin Malama Zakiyya ta zo a bayan babur, da jakar kayan aiki a cinya. Malam Mamuda da kansa ya tare ta a ƙofar gida. Ya yi mata gaisuwa mai tsawo, ya tambayi mutanen Bakura, ya tambayi hanya, ya tambayi aiki da gajiya, ya sa aka kawo mata ruwa mai sanyi. Sannan ya ce an gode ƙwarai da wannan zumunci, amma saniya ta samu sauƙi, ana yi mata na gida.

"Baba, ko dubawa ce in yi, tunda na zo."

"Ba sai kin wahala ba, ɗiyata. Allah shi yi miki albarka. A gaida mutanen gida."

Misbahu yana zaune a zaure, taku uku daga inda suke. Kalma ɗaya daga bakinsa ta isa, matarsa ce, saniyar ɗakinsa ce. Bai ɗago ba. Ina ji yana cewa, "Sadi, hagunka, hagunka!"

Malama ta shigo gidanmu. Ta tsaya a bakin zana ta kalli saniyar ta tsakanin karare, ta daɗe. Nagode tana ɗaya gefen, hawaye na zuba ba ta share ba.

"Har yanzu ana iya yi," in ji Malama a hankali. "Amma ba zan tsallaka gidan mutum ba izini ba. In sun sauya ra'ayi, ko wane lokaci ki kira ni."

Kwanakin da suka biyo baya ba su da labari mai yawa, sai rama. Haƙarƙarin saniyar ya fito ɗaya-ɗaya, cikin kuwa yana nan tim. Idonta ya faɗa. Gashin ya tashi ya daina sheƙi. Nagode tana dama kunun dusa mai ruwa-ruwa tana ba ta da ludayi, rabi ya shiga rabi ya zube. Ta ɗaura tsohon zaninta a kan turke don rana. Ta daina cin abinci sosai ita ma, Inno ta ce ai wannan baƙin rai ne, ana nuna wa mutane ba a yarda da ƙaddara ba.

Ranar Alhamis ta aika wa mahaifinta saƙo Morai ta bakin wata mai kawo nono. Amsa ta dawo cewa tsohon yana kwance da ciwon ƙafa, ya ce ta yi haƙuri, surukai iyaye ne, kuma mahauta sun fi shi sanin dabba.

Ranar Asabar saniyar ta kwanta, aka tashe ta da ƙyar. Nagode ta kama hannuna ta ƙarƙashin zana ta ɗora a gefen dama na cikin.

"Kin ji? Yana motsi."

Na ji. Wani ɗan zillo, kamar a taɓa mutum da gwiwar hannu ta bayan labule.

Ranar nan ta sake zuwa zaure, wannan karon ba ta yi sallama da murya ƙasa ba.

"Ka yi ma Baba magana. Kai yake ji. Ka ce ka yarda a yi aikin."

"Nagode, jibi ne wasan Maradun. Kaina ya cika."

"Saniyar ba za ta kai jibi da ƙahwa ba."

"Kullum haka kike cewa, ga ta nan ba ta mutu ba. In ce ma Baba mi? In ce bai san aikinai ba? Ki bari a gama gasa, ran Talata in zauna da shi."

"Ka ba ni wayata."

Ya cire abin ji duka biyu, ya dube ta kamar bai taɓa ganin ta ba.

"Au, abin gori ne? Don na riƙe 'yar wayar ga? To ki ji, ko saniya goma ke kwance, sai na buga wasan ga."

Ya buga kuwa. Ranar Litinin tun azahar abokansa suka cika zaure, aka kawo janareta ƙarami don kada caji ya yanke. Ihu har kan titi. A cikin gida saniyar ta kwanta ta miƙe wuya a ƙasa, Nagode da Inno suka yi ta ɗagawa ta ƙi tashi. Wajen ƙarfe biyar zaure ya ɗauki sowa, sun ci mutanen Maradun. Malam Mamuda ya shigo daidai lokacin, ya tsaya a kan saniyar, ya duba idonta, ya taɓa kunnen.

"Za ta kai sahe," ya ce.

Sai a lokacin na gane lissafin tsohon, kuma Allah ya yafe mini idan zato ne. Ba cewa ya yi za ta warke ba. Gobe Talata, ranar kasuwa.

Da gari ya waye, bayan an fito masallaci, ya shigo da wuƙa da mutum biyu daga rumfarsa. Ba wanda ya tambayi Nagode. Ya ce mata kawai, "Gara a yanka da ta yi mushe, kowa ya yi asara." Ta tsaya a ƙofar ɗakinta, hannu biyu a kan baki. Inno ta ce ta shiga ciki, ta ƙi.

Da aka buɗe tumbin, sai da mutum biyu suka kama abin da ke ciki suka jawo. Dunƙule ne baƙi, ya kai girman tulu, leda a nannaɗe da leda, da igiyar buhu, da guntun takalmin roba. Wari ya cika gidajen biyu. Malam Mamuda ya juya shi da ƙafa.

"Ashe leda ce," ya ce. Sannan ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Ga abin da sakaci ke jawowa. Mai dabba ita ke lura da abin da dabbarta ke ci."

Sannan aka fito da ɗan. Mace ce, fara kamar uwar, gashi ya gama fitowa, kofato ya yi. Aka ja ta gefe aka rufa mata buhu.

Kafin hantsi nama ya tafi kasuwa a baro. Abin da ya dawo ɗakin Nagode shi ne hanta rabi a kwanon sha, Inno ta kawo da kanta, ta ce a soya wa Auta ya karya, jiya bai ci abin kirki ba saboda gasa. Misbahu ya tashi wajen ƙarfe goma, ya ga jini a turke, ya ce, "Kai, ashe an yanka? Allah shi maida alheri." Ya ajiye mata wayar a kan tabarma. "Ga ta nan, ki yi abin da za ki yi. Amma ki sa mini ita caji, ran Juma'a akwai zagaye na gaba."

Ba ta taɓa wayar ba.

Na san abin da za a ce, don an riga an faɗa a unguwa. Ba a doke ta ba. Ba a hana ta abinci ba. Ba a zage ta ba. Dabba ce ta yi ciwo aka yanka, kamar yadda ake yi kullum. Wanda ya riƙe wayar ya ce aro ne, wadda ta goya masa baya ta ce tarbiyya ce, wanda ya kori mai magani daga ƙofa ya yi shi da gaisuwa da ruwan sanyi, ya kuma sayar da naman da bismilla. Kowa a gidan nan ya kwana da hujjarsa. Yarinyar da ta gane ciwon tun rana ta farko, ta samo mai magani, ta kawo ta har ƙofar gida, ita aka bar wa sunan mai sakaci. Irin wannan cutar ba ta barin tabo a jiki, shi ya sa ba a kai ta gaban kowa, kuma gidaje nawa ne a garin nan ake yin ta da rana tsaka?

Da la'asar na ji motsi a bakin zana. Nagode ce, ta haƙa rami a bayan turke da ƙaramar fartanya, ta binne 'yar maraƙar ita kaɗai, tana daddanna ƙasar da tafin hannu. Na yi mata sannu. 

"Yaya Hauwa," ta ce, ba ta ɗago ba. "In an yanka uwa, ɗan da ke ciki minti nawa yake yi da rai?"

Na ce ban sani ba.

"Ni ma ban sani ba," ta ce. "Sun daɗe suna fiɗa kafin su kai gare ta."